Shin motar da ke wucewa za ta iya gane ko gada ta samu matsala?

Wani ma'aikacin sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a jihar Kebbi ne ya aiko da wannan tambaya: "Injiniya, barka da aiki. Na ji ana cewa yanzu ana ɗaura na'ura a jikin mota, ko ma wayar hannu, a bi ta kan gada, daga jijjigar da motar ta yi a gane ko gadar ta lalace. Mu nan kusan kowace damina sai mun rasa gada ko kwalbati, ga shi ba mu da kayan aiki, ba mu da isassun ma'aikatan da za su zagaya su duba. Wannan magana gaskiya ce? In gaskiya ce, za ta yi aiki a irin gadojinmu?"

Malam, barka kadai, Allah ya taimaka. Maganar tana da tushe, ba ƙanzon kurege ba ce. Fiye da shekara 20 ke nan masana suna aiki a kanta, kuma an gwada ta a kan gadoji na gaske. Sai dai kafin labarin ya iso wurinmu an riga an zuba masa gishiri. Motar da ta wuce ba za ta ce maka ga tsaga a bim na uku ba (bim shi ne dogon kankare ko ƙarfen da ke kwance daga ƙafa zuwa ƙafa yana ɗauke da shimfiɗar gada). Iyakar abin da za ta iya, in an yi aikin da haƙuri, shi ne ta nuna maka cewa gadar nan ta sauya daga yadda take bara, ka je ka duba. Ga wanda gadoji suka yi wa yawa, ma'aikata suka yi masa kaɗan, wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne. Amma ina so ka san inda dabarar take da ƙarfi da inda ta gaza kafin ka kai maganar gaban ciyaman.

Ka ga mai sayen tulu a kasuwa, kafin ya biya sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kasa kunne. Lafiyayye yana amsawa garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take ko da tsagar ba ta fito fili ba. Gada ma tana da nata amon, sai dai ya yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da bai kai kaɗawa 20 a sakan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Tuga a yankin Bagudo, tirela ta zo ta wuce ya ji ƙasan ƙafarsa yana rawa, ya san abin da nake nufi. Wannan rawar ba alamar lalacewa ba ce, kowace gada haka take. Abin da muke bi shi ne sau nawa take kaɗawa sama da ƙasa a cikin sakan ɗaya. Adadin kusan tsayayye ne ga kowace gada, kuma abu uku ne ke yanke shi: tsawon zangonta, wato tsakanin ƙafa da ƙafa, da nauyinta, da taurinta. Akwai wani ƙiyasi da injiniyoyi ke yi da ka, su raba 100 da tsawon zangon a mita. Zango mai mita 20 zai ba ka wajen kaɗawa 5 a sakan, mai mita 30 kuma 3 da 'yan kai. Ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna maka inda za ka fara nema. Tsawo ba ya sauyawa, nauyi ma da wuya ya sauya sai in an ƙara shimfiɗa kwalta. Saboda haka in adadin ya sauka, zargi na farko a kan tauri yake faɗawa: ko bim ya tsage, ko mazauninsa ya lalace, ko ƙafar gadar ta yi sako-sako a cikin ƙasa.

Tsohuwar hanyar auna wannan ita ce a manna na'urorin auna jijjiga a jikin gadar kanta, a ja musu waya, a sa batir da faifan sola, su yi ta aiko da bayani dare da rana. Har gobe ita ce ta fi inganci. Amma kai ka san garinmu. Na'ura da batir da sola a ƙarƙashin gada cikin daji, ba mai gadi, ba sai na faɗa maka ƙarshen labarin ba. Ko a ƙasashe masu kuɗi ma manyan gadoji kaɗan ne ake yi wa wannan gata.

A 2004 ne wani farfesa a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, Y. B. Yang, tare da abokan aikinsa Lin da Yau, suka nuna da lissafi cewa ba dole ne na'urar ta zauna a kan gada ba. Mota tana hawa gada tana motsa ta, gadar kuma tana mayar wa motar da wannan motsi ta cikin tayoyi. Ke nan amon gadar yana nan a ɓoye cikin jijjigar motar. Shekara ɗaya bayan haka suka ja wani ƙaramin amalanke mai na'ura a bayan mota suka bi ta kan wata gada a Taiwan, suka kuma ga adadin kaɗawar gadar ya fito. Abin da ya ja hankalin kowa shi ne arahar abin: na'ura ɗaya a mota ɗaya za ta iya zagaya gadojin jiha guda, ba a tare hanya ba, ba a bar komai a daji ba.

To, a nan ne wahalar take farawa. Abin da na'urar cikin mota ke ɗauka gauraye ne. Akwai rawar bodin motar a kan sifirin, wadda a manyan motoci takan faɗa tsakanin kaɗawa 1.5 zuwa 4 a sakan. Akwai tsallen tayoyi, wajen 8 zuwa 15. Akwai karkarwar inji. Akwai gargadar hanya. Amon gadar shi ne ƙarami a cikinsu duka. Ana rarrabe su da wani lissafi da ya samo asali daga Bafaranshen nan Furiye shekara 200 da suka wuce, wanda ke karɓar motsi a cakuɗe ya warware shi, ya nuna kowane adadin kaɗawa da ƙarfinsa. Kwamfuta tana yin wannan cikin ƙiftawar ido, ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce gada mai zangon mita 30 tana kaɗawa daidai inda bodin tirela ke kaɗawa, sai ka rasa wanne ne na gada, wanne ne na mota.

Sai kuma ƙarancin lokaci, wanda a ganina shi ne babban abin da masu tallar dabarar ba sa son faɗa. Ɗauki zango mai mita 20. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a sakan, ke nan sakan 1.2 kacal za ta yi a kai. A cikin wannan lokaci gadar ta kaɗa sau 6 ne kawai. Ƙa'idar lissafin kuwa ita ce, gwargwadon gajartar lokacin saurare, gwargwadon dishi-dishin amsa. Da sakan 1.2 ba za ka iya bambanta kaɗawa biyu da tazararsu ba ta kai 0.8 ba. Wato 5 da 4.5 duk ɗaya ne a wurinka. In direba ya sauko zuwa kilomita 20 a awa, lokacin ya koma sakan 3.6, tazarar da za ka iya gani ta sauko zuwa wajen 0.3. An samu ci gaba, amma motar da ke tafiya a hankali ba ta motsa gadar sosai, sai amon ya yi rauni. Shi ya sa masu gwaji suka fi so wata babbar mota ta riga ta kaɗa gadar, motar awon kuma ta biyo a sannu.

Gargada ita ma tana da nata sharrin. In kwaltar kan gada tana da tudu da kwari duk bayan mita 3, motar da ke gudun kilomita 60 za ta riƙa tsalle wajen sau 5 da rabi a sakan. Ka ga ya faɗo daidai inda muke neman amon gada mai mita 20, kuma ƙarfinsa ya ninka nata nesa ba kusa ba. Ƙara a kan haka dukan da taya ke sha a mahaɗar bakin gada, inda galibi roba ta cinye, ƙarfe ya fito. Masana sun samo dabaru a kan wannan. Ɗaya ita ce a sa na'ura a kan tayoyin gaba da na baya. Tunda duka biyun ramuka ɗaya suke takawa, na baya dai yana ɗan makara, sai a daidaita lokacinsu a cire ɗaya daga ɗaya, yawancin gargadar ta fita, amon gadar ya saura. Ɗayar kuma ta fi burge ni saboda sauƙinta: a wuce da gudu daban-daban. Tsallen da gargada ke haifarwa yana hawa da sauka tare da gudun mota, amon gada kuwa kusan yana nan inda yake. Duk abin da ya ƙi gusawa ko an sauya gudu, shi ne abin nema. Sannan a maimaita wucewa da yawa a ɗauki matsakaici. Hayaniyar da ba ta da tsari tana raguwa da maimaici, wucewa 100 na iya mayar da ita kashi ɗaya cikin goma. Amma wannan bai shafi ramin da ke nan daram ba, wanda kullum taya ke faɗawa cikinsa a wuri ɗaya.

A ce duk an tsallake waɗannan, an samu adadin kaɗawar gada daidai. Saura tambayar da ta fi nauyi: in gada ta lalace, adadin yana sauka har a gani? Amsar ba ta da daɗin ji. In taurin zango gaba ɗayansa ya ragu da kashi 10 cikin 100, kaɗawar tana raguwa da wajen kashi 5 ne kawai, daga 5 ta koma 4.75. Tsaga kuwa ba ta rage taurin zango gaba ɗaya, wuri ɗaya take taɓawa, saboda haka tasirinta ya fi haka ƙanƙanta. An gwada wannan ido da ido a Amurka a 1993. Wata gadar ƙarfe a kan babbar hanyar I-40 a birnin Albakaki na jihar New Mexico ta zo rushewa, sai masu bincike daga cibiyar Los Alamos suka samu dama suka riƙa yanka babban bim ɗinta da gangan, mataki huɗu, suna aunawa bayan kowane yanka. A matakai uku na farko kusan ba abin da ya motsa. Sai a na huɗu, bayan yankan da aka fara daga tsakiyar bim ɗin ya sauko ya datse gindinsa gaba ɗaya, sannan kaɗawar ta sauka da wajen kashi 7 cikin 100. Kuma na'urorin nan a jikin gadar suke, ba a mota ba. Yankan da yaro zai hango daga nesa, shi ne na'ura ta fara gani.

Yanayi kuma yana motsa adadin fiye da yadda ƙaramar ɓarna ke motsa shi. Waɗancan masu bincike sun auna wata lafiyayyar gada a Alamosa, ita ma a New Mexico, suka tarar kaɗawarta tana hawa da sauka da wajen kashi 5 cikin 100 tsakanin dare da rana, don kawai rana ta gasa gefe ɗaya ta bar ɗaya. A Suwizalan an yi kusan shekara ana auna gadar Z24 kafin a rushe ta a 1998, aka ga in sanyi ya kai na ƙanƙara kwalta tana sandarewa, adadin ya haura da fiye da kashi 10. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Birnin Kebbi, kwalta ta yi laushi, kankare ya miƙe ya matse mahaɗa, muna kuma da asubahin hunturu. Wanda ya auna gada da azahar a bazara ya zo ya kwatanta da awon safiyar Janairu, zai rufe lafiyayyar gada ko ya wanke marar lafiya. Nauyin motar ma yana shiga lissafi. Tirelar da ta ɗauko shanshera ko siminti tan 40 ta hau zangon da nauyinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan tan ba, ta zama wani ɓangare na abin da ake aunawa, adadin da za a samu da ita daban yake da wanda a-kori-kura za ta bayar.

Akwai ma ɓarnar da jijjiga ba ta da labarinta sam, domin tauri daban, ƙarfin ɗaukar kaya daban. Rodi yana iya yin tsatsa a cikin kankare, ko wayoyin ƙarfen da aka ɗaure bim da su su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, gadar tana nan tana kaɗawa yadda ta saba har ranar da za ta sake. Gadar Silba da ke kan kogin Ohayo a Amurka ta rufta a watan Disamba na 1967, mutum 46 suka mutu, sanadin wata tsaga da ba ta wuce 'yan milimita ba a jikin ƙarfe guda ɗaya. Bayan wannan ne Amurka ta kafa dokar a riƙa duba gadoji da ido da hannu, galibi duk shekara 2. Har yau ba su soke dokar ba, duk da na'urorin da suke da su.

Maganar wayar hannu da ka ji, ita ma tana da asali. Kusan kowace babbar waya tana da 'yar na'urar auna motsi a cikinta, ita ce ke juya hoto in ka karkata wayar. A 2022 masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gadar Golden Gate ta San Faransisko. Sun tattara bayanan waya daga wucewa 102 da suka yi da kansu, da wasu 72 na direbobin motocin haya na kamfanin Uber, suka fitar da adadin kaɗawar gadar, ya zo kusa sosai da na na'urorin da aka kafa a jikinta. Aiki ne mai kyau. Amma ka lura da irin gadar: zangonta na tsakiya mita 1,280 ne, mota tana yin fiye da minti ɗaya a kai, kuma kaɗawa ɗaya takan ɗauki kusan sakan 10, can nesa da rawar bodi da tsallen taya. Sun gwada a wata gajeriyar gadar kankare a Italiya, abin ya yi aiki amma kuskuren ya fi yawa. Kuma abin da suka nuna shi ne ana iya jin amon gada da waya, ba su ce sun gano ɓarna da ita ba. Gwajin da ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Ube a Japan, inda Farfesa Miyamoto na Jami'ar Yamaguchi ya ɗaura na'ura a ƙarƙashin motar bas ta haya, wadda ke bin hanya ɗaya kullum tana ƙetare ƙananan gadoji. Mota ɗaya, hanya ɗaya, shekara da shekaru, ana kwatanta kowace gada da tarihinta.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ke kashe gada a Kebbi da Zamfara ba tsagar bim ba ne galibi, ruwa ne. Gulbin Rima, gulbin Zamfara, gulbin Ka, ga Neja, ga ruwan da ake sakowa daga madatsun Goronyo da Bakolori in sun cika. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta yanke gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2017 gadar Tatabu a hanyar Mokwa zuwa Jebba ta tafi bayan ruwan sama. Ambaliyar 2020 kuwa, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Kebbi ta datse hanyoyi, ba sai na tuna maka ba. Kuma in ka bi labaran "gada ta karye" ɗaya bayan ɗaya, da yawansu kwalbati ne ruwa ya fi ƙarfinsa, ko kuma cikon ƙasar da ke bakin gada ne ya zaizaye, gadar kanta tana tsaye ba hanyar hawa. A kan waɗannan biyu dabarar jijjiga ba ta da abin cewa. Kwalbati gajere ne, a binne yake, ba ya kaɗawar da za a ji daga mota. Maganinsa a yashe shi kafin damina, a duba bakinsa da bangayen da ke tare ƙasa a gefen bakin, a ga ko ya isa ruwan da ke zuwa masa.

Inda nake ganin jijjiga za ta yi mana rana shi ne ƙwaƙular da ruwa ke yi a gindin ƙafar gada. Ruwa mai ƙarfi in ya bugi ƙafa yakan yi juyi ya haƙe yashin da ke kewaye da ita, ya tone turakun kankaren da ke riƙe da ita. Mugun halin wannan ramin shi ne yana kai iyakar zurfinsa ne lokacin da ruwa ya cika, lokacin da ba mai iya shiga, sannan in ruwa ya fara janyewa sabon yashi ya zo ya rufe shi. Ka zo da rani ka ga yashi lif, ka rubuta lafiya lau. Alhali yashin da ya cike ramin sako-sako ne, bai riƙe ƙafar kamar ƙasar asali ba. Ido ya ruɗu, amma taurin ya ragu, kuma wannan ragin ya shafi ƙafa sukutum, ba ɗan wuri ɗaya ba, saboda haka ya fi tsaga fitowa a awo. Masu bincike a Dablin sun yi aiki sosai a kan wannan, musamman bayan gadar jirgin ƙasa ta Malahayid a Ayalan ta rufta a 2009 sanadin zaizaya. Sai dai ƙafar da aka tone ta fi nuna kanta a rangajin gefe da gefe, mota kuwa motsin sama da ƙasa ta fi ji. Don haka a wannan aikin gara mutum ya tsaya da na'ura ɗaya ya manna ta a saman ƙafar na minti 20, motocin da ke wucewa su kaɗa masa gadar, ya cire abarsa ya tafi. Motar tana nan a cikin aikin, sai dai ta koma mai kaɗawa, ba mai saurare ba. Kuma a rubuta tsayin ruwa a kowane awo, domin ruwa da tarkacen da ya maƙale a ƙafa su ma suna sauya adadin.

Tunda an zo nan, bari in sako maganar masu tifa. A Fotugal, a watan Maris na 2001, wata tsohuwar gada a kan kogin Duro ta rufta da motar bas da wasu ƙananan motoci, mutum 59 suka rasu, kuma haƙar yashi da aka daɗe ana yi a kogin tana cikin abin da ya tone ƙafarta. In ana ɗibar yashi kusa da wata gada a yankinku, hana wannan ya fi duk na'urar da za ka saya amfani.

Da ni ne a kujerarka, ba da na'ura zan fara ba, da littafi zan fara. Kowace gada a ba ta shafi: sunanta, yawan zangunanta da tsawonsu, hotunan ƙarƙashinta, hoton kowane mazaunin bim, da zurfin ƙasa a gindin kowace ƙafa, wanda igiya mai dutse a baki ta isa ta auna shi daga sama. Daga nan sai a ware waɗanda zangonsu ya kai mita 15 zuwa sama, su ne za a gwada wa jijjiga. A keɓe mota ɗaya, ko da motar sashenku ce, a riƙa fita da ita da nauyi ɗaya da iskar taya ɗaya, in an sauya mata shokozoba ko sifirin a rubuta ranar. Na'urar a ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ta riƙa ɗaukar aƙalla awo 200 a sakan. In waya ce, a manne ta a ƙasan motar daga ciki. Wayar da ke aljihu ko a kan kujera jikin mutum da soso take aunawa. Kada a dogara da taswirar waya wajen sanin lokacin da aka hau gada, kuskurenta yakan kai mita da dama, a zango mai mita 20 kuwa wannan babban kuskure ne. Dukan da taya ke sha a mahaɗar shiga da ta fita ya fi ta nuna iyaka. A wuce sau da yawa a layi ɗaya, da gudu iri biyu ko uku, duka ƙasa da kilomita 40, da sassafe kafin rana ta gasa kankare. A ranar farko a manna na'ura a tsakiyar zangon ma, don a san ainihin adadin da ake nema. A yi haka da rani, a maimaita da ruwan farko, a sake bayan kowace babbar ambaliya. Shekarar farko ba gano ɓarna ake yi ba, koyon halin gadar ake yi, yadda take da zafi da yadda take da sanyi.

Fassarar bayanan ba aikin da za ka ɗora wa kanka ba ne. Akwai malamai da ɗaliban injiniya a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar Aliero, kuma irin wannan aikin abin nema ne ga ɗalibin da ke shekarar ƙarshe. In wani ɗan kwangila ya zo maka da manhaja ya ce basirar kwamfuta za ta ba kowace gada maki daga wucewa ɗaya, tambaye shi a kan wace lalatacciyar gada ta gaske aka koyar da ita. Yawancin irin waɗannan a kan gadar cikin kwamfuta aka horar da su, inda kwalta ba rami, rana ba zafi. Gadojin manyan hanyoyi irin ta Yawuri zuwa Koko zuwa Jega kuwa na gwamnatin tarayya ne, abin da kuka gani a kansu ku rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar gyaran hanyoyin tarayya, wato FERMA, da hoto da kwanan wata.

In awo ya nuna adadin ya sauka ya zauna a ƙasa, fiye da hawa da saukar da kuka saba gani a wannan gada, a tura injiniya ya shiga ƙarƙashi a makon, a kuma rage nauyin motocin da ke hawa kafin ya kawo rahoto. In awo bai nuna komai ba, zagayen dubawa yana nan a ranarsa, ba a ɗage shi. Akwai kuma alamun da ba a jira musu na'ura: dogarin gefen gada ya karye layi ko ya lotsa a saitin wata ƙafa, mahaɗa ta buɗe fiye da da ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ƙafa ta karkata, turakun ƙarƙashinta sun fito fili, rami ya buɗe a kwalta daf da bakin gada, ko ruwa ya hau har ya taɓa ƙasan bim. Direbobin da ke bin hanyar kullum sukan riga kowa lura da lotsawar, don haka ka bar lambar ofishinku a tashar mota wurin shugabannin ƙungiya. Duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tare manyan motoci nan take, a sanar da jami'an kiyaye haɗurra da hakimin yankin, sannan a nemi injiniya.